Ƙulli na Biyar

Duk wanda ya taɓa kai jirgin ruwa gyara garejin nan na bakin kogi ya san Baba Ƙulli, ko ya so ko bai so ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemu, ga baki da ba ya barin magana ta kwana. Shekara talatin da huɗu yana kwance injinan dizal na jirage yana ɗaurawa. In ka ji shi yana zazzaga faɗa da sassafe, kada ka nemi wanda ya yi laifi, da inji yake. Sunan da iyayensa suka raɗa masa tuni ya ɓace a garejin, igiya ce ta ba shi wanda ake kiransa da shi.

Asalin abin, Baba bai yi nisa a karatu ba. Yana gane lambar sifana da ta noti daga nesa, amma in aka miƙo masa takarda sai ya ce idonsa na ciwo. Yana saurayi, maigidansa na farko ya ba shi takardar abubuwan da ake rufewa kafin a ɗora jirgi a tirela. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya cusa ta a aljihu, ya je ya samo 'yar igiya. Duk abin da ya rufe sai ya yi ƙulli ɗaya, in ya gama ya rataye igiyar a jikin makullin inji. Wanda zai karɓi jirgin a can ba ya murza makulli sai ya bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe abin da aka rufe, sannan ya kwance ƙullinsa. Tun ana yi masa dariya har aka daina. Takarda takan jiƙe, takan ɓata, ana kuma iya sa mata hannu daga zaune a ofis, amma igiyar Baba ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ƙulli biyar ne. Na farko na batir ne, a cire masa kai kada waya ta goga a hanya ta yi tartsatsi. Sai famfon mai, sai famfon da ke gindin jirgi wanda inji ke zuƙo ruwan sanyaya kansa ta ciki, sai farfela, a ɗaure sandarta kada iskar hanya ta yi ta juya ta a bushe. Waɗannan huɗun, in ji Baba, ko da ido rufe ana yin su. Na biyar shi ne mai wuya, shi ne kuma abin cika bakinsa. Ruwan da ya gama sanyaya inji yakan fita tare da hayaƙi ta salansa, kuma tsakanin inji da bakin salansa akwai wata tukunya ta baƙar roba, can ƙarƙashin daɓen jirgi, inda ragowar ruwan ke kwanciya in an kashe inji. A kan kogi ba ruwan kowa da ita. A kan tirela kuwa, da direba ya taka burki ko ya gangara tudu, sai ruwan ya kwararo gaba, ya shige cikin silinda ya yi lamo. Ranar da aka murza makulli fistin zai taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Saboda haka dole mutum ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa, ya kwance wani ɗan noti a gindin tukunyar, ya tatse ruwan, ya mayar da notin. Baba yana da ɗan rawayan bokiti na wannan aikin kaɗai, kuma dokarsa ɗaya ce, ya maimaita ta har kowa ya gaji da ji: ba a yin ƙulli na biyar sai an ga ruwa a bokiti.

Direban tirelar garejin surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa. Sannu-sannu ake ce masa, don ko ana binsa da wuta ba ya wuce gudun da ya saba. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, shekara tara yana jan jirage bai taɓa ko goge wa ɗaya fenti ba. Baba bai ƙi shi ba, amma bai taɓa yabonsa ba. Yakan ce wa matarsa, mutumin da sai ya gaishe ka sau uku kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, yaushe zai kai jirgi? Ita kuma takan ce ai ga shi yana kaiwa, Baba ya yi kamar bai ji ba. Shi kuwa Sannu-sannu in ya shigo gareji sai ya russuna ya gaida Baba, ya koma gefe ya tsaya, ba ya yarda su haɗa ido.

Akwai abin da Baba ke ɓoyewa. Tun bara gwiwarsa ta dama ta fara yi masa gardama. Kwanciya a daɓen jirgi ba wuya, tashin ne aiki. Yakan jira sai kowa ya kau da kai, sannan ya kama gefen inji ya ja jiki yana cije leɓe. Matarsa kaɗai ta sani, domin ita ke shafa masa man zafi, kuma ya ja mata kunne kada ya ji maganar a bakin kowa, ko da 'ya'yansa ne.

Jirgin da abin ya faru a kansa na wani asibiti ne da ke bakin wani tafki, tafiyar awa bakwai a mota. Da shi ake ɗauko marasa lafiya da masu naƙuda daga ƙauyukan tsallake. Wata biyu Baba ya yi yana sabunta injinsa, kuma ranar da aka gwada shi a kogi ya tsaya ya karkata kai yana sauraron ƙarar, ya ce ko sabo sai haka. Washegari aka jawo jirgin aka ɗora a tirela, aka ɗaure shi da bel. Baba ya hau tsani ya shiga ciki, ya yi ƙulli huɗu cikin ɗan lokaci. Ya ɗaga murfin daɓe, ya ajiye bokiti a gefe, ya tsaya yana kallon ramin. Gwiwar nan ta kwana tana zugi.

A haka Sannu-sannu ya hau tsani don ya duba ɗaurin bel, ya gan shi tsaye dafe da gwiwa. Ya ce a hankali, "Baba, ko in shiga in kwance maka? Hannuna ya fi tsawo."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, hannun nasa kuwa da gaske ya fi tsawo. Amma Baba ji ya yi kamar an tara jama'a an ce musu ya tsufa, kuma wai a bakin wannan da ko gaisuwa sai ya ja ta.

"Na riga na tatse," in ji shi. "Ka ga na yi kama da mai jiran taimako?"

Ya ɗauki igiyar, ya yi ƙulli na biyar a gaban idon surukinsa, ya ja shi tam, ya rataye a makulli.

A ransa ya ce da zarar mutumin nan ya sauka ya tafi ofis karɓar takardun hanya, zai kwanta ya yi abinsa, minti biyar ya isa. Ashe takardun na aljihun Sannu-sannu tun jiya. Manaja ya leƙo daga ofis yana cewa a hanzarta, asibiti sun bugo waya sau biyu. Sannu-sannu ya mayar da murfin daɓe, ya tattara kayan aikin Baba ya sauko masa da su, ya dawo ya riƙe masa tsani. Baba ya sauko da ƙafafunsa, yana sane da kowane mataki. Kada wani ya ce mantuwa ce. Baba da kansa ya so daga baya ya kira ta mantuwa, ta ƙi amsa sunan.

Tirela ta fita daga ƙofa a hankali yadda ta saba. Baba ya koma bencinsa, ga rawayan bokiti a gindin bencin, a bushe ƙayau, har da gawar wani ɗan ƙwaro a ciki. Ya ciro waya. Jikarsa ta sa masa hoton mota a kan lambar surukin don ya riƙa ganewa, ya zauna yana kallon hoton. Abin da zai faɗa bai fi kalma shida ba: tsaya, ɗan nan, ban tatse ba. Sai ya ce wa kansa hanyar ai miƙaƙƙiya ce. Bayan awa ɗaya ya ce mutumin da ba ya gudu me zai kai shi taka burki da ƙarfi. Da rana ta take ya ce wataƙila ma ruwan bai kai ya kawo ba. Duk wannan ya san ƙarya ne, domin ya san doguwar gangaren da ake bi kafin a kai tafkin, shi da kansa ya sha ba mutane labarinta. Awa bakwai Allah ya ba shi, ya zauna a kansu har suka ƙare, wayar tana hannunsa.

Kashegari da hantsi labari ya iso. Makanikin da ya karɓi jirgin a tafki ya bi igiyar kamar yadda aka saba, ya buɗe huɗu, ya taɓa notin tukunya ya ji shi a ɗaure yadda Baba ke barinsa in ya gama, ya kwance ƙulli na biyar. Ya murza makulli, injin ya yi ƙwas sau ɗaya ya tsaya cik. Da aka buɗe, ruwa ne a silinda biyu, ƙarfen fistin ɗaya ya lanƙwashe.

Manaja ya tara su a ofis. Mutum ne mai gaskiya, aibinsa ɗaya, yana son magana ta ƙare da wuri. Tambayarsa ita ce ta ina ruwa ya shiga. Bai ko dubi Baba ba, ya ce Baba kam ba sai an tambaye shi ba, igiya ta iso da ƙulli biyar. Ya juya ga Sannu-sannu ya ce ya faɗi yadda ya saukar da jirgin a ruwa. Sannu-sannu ya ce gangaren bakin tafkin na da santsi, kuma a ƙarshe tirelar ta ɗan zame, gindin jirgin ya shiga ruwa da sauri fiye da yadda ya so. Ba wanda ya gani, ba wanda zai sani da bai faɗa ba. Manaja ya buga tebur ya ce shi ke nan, nan ne ruwa ya banko ta bakin salansa. Ya ce wa Sannu-sannu ya ajiye makullin mota ya zauna a gida tukuna, sai an ga abin da za a yi.

Baba yana zaune a kujerar kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Sannu-sannu ya ajiye makullin da hannu biyu, ya russuna wa Baba, ya fita.

Aka dawo da jirgin a tirelar haya, aka kuma ba Baba gyaran, don wa za a ba in ba shi ba? Da ya cire kan injin ya leƙa silinda, sai ya ga jar laka kwance a kan fistin. Ruwan tafkin nan garau yake, kowa ya sani. Jar laka ta koginsu ce, wanda ke gudu a bayan garejin. Duk makanikin da ya gani zai gane inda ruwan ya fito. Baba ya waiga, ba kowa kusa, ya sa tsumma ya goge tas. Wannan gogewar ta fi ƙullin cin ransa, domin ƙullin cikin fushi ya yi shi, wannan kuwa da hankalinsa kwance.

Ya kama aiki ba ji ba gani, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Manaja yana nuna shi ga sauran yana cewa ku ga mai kishin aiki, kowane yabo kuwa sai Baba ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Faɗan da yake yi da inji ya daina. Labari ya zo cewa asibitin sun koma aron kwalekwalen masunta, an yi awa uku ana tuƙo wata mai naƙuda da filafili. Ta sauka lafiya, amma Baba ya kwana biyu yana lissafa awa ukun nan. A garejin kuma masu baki suka sauya wa Sannu-sannu suna, suka koma ce masa Gaggawa, ana faɗa ana dariya. Baba ya ji, bai tsawata wa kowa ba.

A gida matarsa ta ga abinci yana komawa yadda aka kawo shi. Ta tambaya ko gwiwar ce, ya ce ita ce. Ranar kwana na goma sha biyu 'yarsa ta zo. Ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce mijinta kullum da asuba sai ya yi wanka ya sa kayan aiki, ya zauna a bakin ƙofa har rana ta yi zafi, sannan ya shiga ya tuɓe. Ba ya cewa komai, ko ita bai faɗa mata yadda aka yi ba. Ta ce, "Baba, maganarka ɗaya ta isa wurin Manaja." Baba ya ce zai duba. Ta yi godiya har da ƙwalla, shi kuwa ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi.

Sai da aka ƙara mako guda kafin ya iya zuwa gidansu, shi da ba ya taka gidan sai da babban dalili. Da la'asar ya isa. Ɗan falo ne, fanka na juyawa da ƙyar, takalman makarantar jikarsa a bayan ƙofa. Sannu-sannu ya ba shi kujera, shi ya zauna a ƙasa. 'Yar ta kawo ruwa ta fita. Baba ya zo ne da rabin magana, wadda ya shirya a hanya: zai roƙi Manaja ya yafe, a mayar da makulli, kowa ya huta, igiya ta tsira da mutuncinta. Ya faɗa, Sannu-sannu ya yi godiya sau uku kamar yadda ya saba.

Da Baba ya tashi a nan da shi ke nan. Amma mai laifi ba ya iya barin wurin ciwo, sai ya taɓa. Ya tambaye shi me ya kai shi faɗin zamewar tirela, alhali ba wanda ya gani. Sannu-sannu ya ce ai ta zame ɗin ne. Baba ya ce, to yana ganin ita ta jawo?

Sannu-sannu ya girgiza kai.

"A'a, Baba."

"To mene ne?"

"Ni na sauko maka da bokitin," in ji shi. "Ba nauyi."

Fanka ta ci gaba da juyawa. 

"Sau biyu na tsaya a hanya," Sannu-sannu ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na hau jirgin, na ɗaga murfin. Sai na kalli igiyar, na ce ni wane ne da zan bi bayan ƙullin Baba. Na ce wataƙila a wani abin ka tatse. Ni ma da laifina."

"A ofis fa? Me ya hana ka faɗa?"

"Da wane bakin? Kai ka ba ni mata."

Kwana goma sha tara ke nan mutumin nan yana zaune a bakin ƙofa da kayan aiki a jiki, ana ce masa Gaggawa, yana riƙe da maganar da za ta wanke shi, ya ƙi sakinta don kada a ji kunyar wanda bai taɓa yabonsa ba ko sau ɗaya. Baba ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Sannu-sannu ya miƙo hannu, ya tuna, ya janye. Baba ya ce masa ya kawo hannun.

Da safe bai shiga ofis ya rufe ƙofa ba. Ya tsaya a tsakiyar gareji da rawayan bokiti a hannu, ya sa aka kira Manaja, ya faɗi komai a gaban kowa, har da jar lakar da ya goge. Bai kawo gwiwa a matsayin uzuri ba, sai da Manaja ya tambayi dalili sannan ya faɗa, a gajarce. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya ce ba komai. Manaja ya aika aka kai wa Sannu-sannu makullinsa har gida. Ya ce daga yau za a koma cika takarda, kuma wani zai riƙa bin bayan aikin Baba kafin jirgi ya fita. Mutumin da a da ko kallon injinsa ka yi da yawa sai ka sha faɗa, ya ce to.

Bayan kwana tara jirgin asibiti ya sake hawa tirela. Baba ya yi ƙulli huɗu, ya ɗaga murfin daɓe, ya ajiye bokiti. Ya leƙa ƙasa ya ce, "Ɗan nan, hau. Hannunka ya fi tsawo."

Sannu-sannu ya kwanta rub da ciki ya zura hannu. Ruwa ya fara tsiyaya, ja-ja da lakar kogi, ya kusa rabin bokiti. Ya mayar da noti, ya ɗago bokitin ya nuna. Baba ya duba, sannan ya miƙa masa igiyar, ya ce wanda ya kwanta shi ke yin na biyar. Sannu-sannu ya yi ƙullin a hankali, kamar yadda yake yin komai.

Da ya dawo daga tafki Baba ya tambaye shi yadda aka yi. Ya ce inji ya tashi bugu ɗaya. Baba ya ce ba wannan yake tambaya ba, makanikin can ya bi igiyar? Sannu-sannu ya so ya kauce, amma ƙarya ba ta cikin abin da ya iya. Ya ce ya bi, ya ƙirga biyar cif, sannan ya ajiye ta gefe ya kwanta ya kwance notin da kansa ya duba.

Baba ya ce haka ya kamata. Ya juya ya ci gaba da wanke sifanunsa a cikin kwanon dizal, ya daɗe yana wanke guda ɗaya.